Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Raba Wa Mata Jari: Kai Ɗaya Ne Ke Ɗauke Da Gida Da Sana'a

Zuwa ga kwamishinonin harkokin mata da na kasuwanci a jihohin Arewa, da shugabannin bankunan ƙananan rance, da ƙungiyoyin agaji masu shirye-shiryen tallafa wa mata.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, mu da muka rubuto wannan takarda iyayen adashi ne, da masu koyar da sana'ar hannu, da masu taya mata riƙe littafin ciniki a birnin Kano da garuruwan da ke kewaye da shi. Muna magana ne da yawun matan aure da zawarawa da ke juya 'yan kuɗinsu daga cikin gida: mai ƙosai da koko, mai ƙuli-ƙuli, mai awara, mai ɗinki, mai kitso da lalle, mai turaren wuta da humra, mai zoɓo da kunun aya, da 'yan zamani masu sayar da atamfa da takalma ta waya.

Kowace shekara kuna haɗa taro, a raba keken ɗinki da injin markaɗe da 'yan kuɗin jari, a yi hoto, a watse. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Amma bayan 'yan watanni sai a ga keken ya koma kasuwa, injin kuma yana kusurwar ɗaki an ɗora masa kwanuka. Daga nan sai a fara cewa mata ba su iya riƙe jari ba, wai cinyewa suke yi. Wannan maganar ce ta sa muka ɗauki alƙalami, domin mu ne muke zama da waɗannan mata a tsakar gidajensu, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ke karya sana'ar mace a nan, fiye da ƙarancin jari, shi ne lissafi biyu da take riƙe da su a kai ɗaya dare da rana, na gida da na kasuwa, ku kuma kun tsara shirye-shiryenku kamar na kasuwar ne kaɗai a gabanta.

Ku dubi safiyar mai ƙosai da koko. Tun jiya da yamma ta surfa wake ta wanke ta fitar da ɓawo, geron kokon kuma an jiƙa, an kai niƙa, an tace, gasara ta kwanta. Kafin a kira asuba ta farka ta jiƙa waken, domin idan ya daɗe a ruwa ƙullun zai yi tsami, idan kuma mai inji ya cika masa ruwa ƙosan zai sha mai ya ƙi tashi. Sai bugun ƙullu, sai hura wuta, sai dama koko. Kasuwarta gaba ɗaya tsakanin ƙarfe shida da rabi ne zuwa tara na safe. A cikin waɗannan awanni dai ne ake yi wa yara wanka, a nemo safar da ta ɓata, a ba da kuɗin tara, a haɗa wa maigida karin kumallo, jariri kuma yana kuka a baya. Hannunta na juya ƙosai a kasko, amma ranta yana can wani wuri: man ya kusa ƙarewa kuma jarka ta ƙara kuɗi, zubin adashi ranar Juma'a ne, rigakafin jariri na mako goma sha huɗu ranar Talata, malamin Islamiyya ya aiko a biya kuɗin wata, maƙwabciya ta karɓi ƙosan ɗari biyar tun shekaranjiya ba ta kawo ba, akwai suna a dangin miji ranar Asabar kuma sai an kai gudummawa, maganin hawan jinin Hajiya saura ƙwaya uku.

Wannan shi ne nauyin da muke nufi. Wanke-wanke ana iya sa yarinya, niƙa ana iya aiken almajiri. Amma tunawa da abin da ya kamata a yi, da tsara wanne zai riga wanne, da bibiyar ko an yi shi, wannan ba ya aikuwa. Yana nan a kanta tana salla, yana nan tana kwance. Kuma idan kai ya cika, kuskure ne ke biyo baya: a ba da canjin dubu ga wanda ya ba da ɗari biyar, a manta odar da aka karɓi kuɗinta, a yanka leshin mutane ba bisa awo ba a biya daga aljihu, a bar mai a wuta ya ƙone. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan asara ce ta kuɗi, amma babu wani fom ɗinku da ke da gurbin rubuta ta.

Kokenmu na farko a kan tsarin biyan rance ne, domin shi ya fi hana mata barci. Yawancin ƙananan rance ana fara biyansu ne mako guda ko biyu bayan karɓa, kuma kowane mako. A ce an ba mace naira 100,000 za ta mayar da 120,000 cikin mako 24, wato 5,000 duk mako. Idan shago gare ta mai ciniki kullum, tana iya jurewa. Amma idan kajin gidan gona ta zuba, sai sun yi mako shida zuwa takwas kafin su isa sayarwa. Zuwa mako na bakwai ta biya 35,000 ba ta sayar da ko kaza ɗaya ba. Daga ina kuɗin suka fito? Daga kuɗin abincin kajin. Sai ta rage musu abinci, su ƙi yin nauyi, ta sayar da araha, ta fito da bashi a wuya. Mai kiwon rago don babbar salla sai ta jira watanni. Mai ƙuli-ƙuli da ta sayi gyaɗa da kaka ta ajiye, ribarta sai kaya sun yi tsada. Tela kuɗinta yana hannun masu ɗinki, ba su zuwa karɓa sai biki ya matso. Duk waɗannan an ɗora musu jadawalin biya iri ɗaya da mai sayar da katin waya.

Sannan ga tsarin tsaya wa juna, inda idan mutum ɗaya ta gaza sauran 'yan ƙungiya ne za su biya. Mun san dalilinsa, kuma ba mu ce a soke shi ba. Amma ku san abin da yake nufi a unguwa: waɗanda za su zo ƙofar gidanta neman kuɗi maƙwabtanta ne, kishiyarta na ji, surukarta na ji. Tsoron wannan kunyar ne ke sa mace ta ci bashi a wani banki don ta biya na farko, ko ta sayar da kayan ɗakinta a ɓoye, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ga kuma maganar kuɗin ruwa. Mata da yawa suna karɓar irin wannan rance ne zuciyarsu na ɗar-ɗar, wasu kuma sun gwammace su haƙura da shi ɗungurungum. Alhali hanyar da babu ruwa a cikinta ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan: bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJBank kuma a 2019. Saya wa mutum kaya a sayar masa da riba sananniya ya biya a hankali, wato murabaha, ya ma fi dacewa da macen da idan tsabar kuɗi suka shiga hannunta buƙatun gida za su yi musu rubdugu.

Na biyu, horon da kuke shiryawa. Ana sa shi ƙarfe tara na safe a wani otal ko sakatariya, kwana uku ko biyar a jere, rabin bayanin da Turanci, wani lokaci har a ce kada a zo da yara. Mace mai sana'a ta gaskiya ba za ta kashe wutarta kwana biyar ba, domin masu sayen ƙosanta a rana ta uku sun koma gidan gaba. Ga kuɗin mota, wanda tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 ya zama abin lissafi a kowane gida. Ga neman izinin fita kwana biyar, ga neman wanda za a bar wa yara. Shi ya sa sau da yawa waɗanda ke cika ɗakin taron ba su ne masu sana'ar ba, waɗanda ke da sararin zama ne.

Abin da ake koyarwar ma ya kamata a sake dubawa. Ana ɓata yini a kan yadda ake rubuta tsarin kasuwanci na shafuka, alhali abin da ke kashe ta shi ne rashin raba ciniki da riba. Ga misali da lissafi mai sauƙi. A ce a yini ta kashe 3,000 a wake, 2,500 a mai, 400 a niƙa, 600 a attaruhu da albasa, 700 a itace, 200 a leda. Jimla 7,400. Ta yi cinikin 9,000, amma 500 bashi ne, abin da ke hannunta 8,500. Abin da ya hau kan jari ke nan 1,100. Daga cikin kwanon cinikin nan aka ɗauki kuɗin tara 400, aka sayi sabulu na 300, maigida ya ce a ara masa 1,000 zai kawo da yamma. An cire 1,700 a inda ribar take 1,100. Yau ta ci 600 daga jarinta ba ta sani ba, domin ta ga kuɗi a kwano. Cikin kwana goma sha biyu kusan jarin yini guda ya tafi. Ba a ma yi maganar ƙosan da mutanen gida suka karya da shi ba, balle ladan wahalarta.

Maganin wannan ba ya buƙatar otal. Gwangwani uku ne da littafi ɗaya. Da an tashi daga ciniki, kafin a taɓa ko kwabo, a fara cire kuɗin kayan gobe a sa a gwangwanin jari, kuma a cire su da farashin da za a sayo gobe, ba wanda aka sayo jiya ba. Wannan gaɓa tana da muhimmanci: a lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, mata da yawa sun yi ta sayar da kaya da riba a ido, su koma kasuwar Singa ko ta Dawanau su tarar kuɗin ba su isa su sayo abin da suka sayar ba. Gwangwani na biyu na zubi ne, adashi ko rance. Na uku shi ne abin da ya rage, shi kaɗai ake taɓawa don gida. Duk bashin da aka bayar a rubuta suna da rana, da boko ko da ajami, wadda ba ta rubutu kuma ta yi zane ko ta ɗauki muryarta a waya. Amfanin littafin ya wuce kuɗi. Abin da aka rubuta ya sauka daga kai, ba sai an kwana ana nanata shi a zuci ba.

Na uku, kuma a nan muke roƙon ku saurara da kyau, shi ne kun bar maigida a waje. Kuna ba mace jari kamar ita kaɗai ce a gidan, alhali rabin abin da zai sami jarin nan a hannun mijinta yake. Abin da ake gani a gidaje da yawa shi ne, da mace ta fara samu sai kuɗin cefane su fara raguwa. Ba a faɗa, ba a shawara. Yau an manta kuɗin gawayi, gobe an ce ki cika na magi, jibi kuɗin jarrabawa ya faɗo kanta. "Ara min" kuwa bashi ne da ba a iya tambayarsa, domin tambayar tana iya zama rigima. Haka bashin dangin miji: ƙanwar maigida ta ɗauki atamfa turmi biyu ta ce sai ƙarshen wata, wace matar aure ce za ta je ta tsaya mata a ƙofa? Sai ta haɗiye, ta riƙa lissafin abin a ranta, tana murmushi a gidan suna.

Ba mu zo cin mutuncin maza ba. Mun san halin da magidanta ke ciki. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, kuma mafi yawan mazan da muke magana a kansu ba ma 'yan albashi ba ne, 'yan buga-buga ne, yau a samu gobe a rasa. Mata da yawa da son ransu suke taimakawa, kuma suna neman lada. Amma taimako daban, ɗora nauyi a shiru daban. A shari'a ci da sha da sutura da muhalli suna wuyan miji, dukiyar mace kuma tata ce, aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta faɗi cewa maza suna da rabo daga abin da suka nema, mata ma suna da rabo daga abin da suka nema. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida. Waɗannan abubuwa ne da kowane limamin unguwa ya sani. Abin da ya rage shi ne a zaunar da mutane a faɗa musu a daidai lokacin da jarin ke shiga gidan, a kuma fito da abubuwa filla-filla: wa zai kai yara makaranta da safe, wa zai riƙe ranakun asibiti, nawa ne za ta riƙa sawa a gida idan ta ga dama, rancen da ke tsakaninsu a rubuta. Miji ya ce "da kin faɗa min ai da na yi" bai sauke mata komai ba, domin tunawar da faɗar su ne nauyin. Sauƙin yana zuwa ne idan ya ɗauki abu ɗaya ɗungurungum, misali kuɗin makaranta da duk abin da ya shafe shi, ta cire shi daga ranta gaba ɗaya.

Idan ba a raba nauyin nan da babba ba, kan yarinya yake sauka, wannan ne kokenmu na huɗu. A bayan sana'o'in cikin gida da yawa akwai 'yar shekara tara ko goma sha ɗaya, ita ce mai raino, ita ce mai kai niƙa, ita ce mai talla. Tana zuwa makaranta a makare ko ta daina zuwa. Uwar ba don ba ta son karatun 'yarta ba ne, taura biyu ce ba ta taunuwa. Shirin da ya ƙara wa uwa aiki bai tanadi mai riƙe mata jariri ba, a aljihun yarinyar nan ya ɗauki kuɗin. Ga kuma haɗarin da ke tsakar gida: kaskon mai yana tafasa a murhu a ƙasa, yaro mai rarrafe taku uku daga wurin, uwar ta juya ba da canji ta zaure. Ƙunar mai da ta ruwan zafi a jikin ƙananan yara abu ne da ma'aikatan asibiti suka saba gani. Duk horon da za a ba mai suya ya kamata ya haɗa da ɗaga murhu ko kange shi, da abin da ake yi idan tsautsayi ya faɗa: a zuba ruwa mai sanyi a wurin na tsawon minti ashirin, a rufe da tsumma mai tsabta a tafi asibiti, kada a shafa ƙwai ko manja ko man goge baki.

Na biyar, rancenku bai san haihuwa ba, bai san ciwo ba, bai san rasuwa ba. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya tana da hutun haihuwa na mako goma sha shida, jihar Kaduna ma wata shida take bayarwa. Mai awara ba ta da ko kwana ɗaya. Tana cikin wankan jego, ba ta yi arba'in ba, ranar zubi ta zagayo. Wadda mijinta ya rasu za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ga marayu, ga kasuwa ta tsaya, lissafin banki kuma yana tafiya kamar ba abin da ya faru. Zazzaɓin cizon sauro ɗaya da ya kai yaro ga kwanciya da ƙarin jini ya isa ya share jarin da aka yi shekara ana tarawa. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, jihohi kuma suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya, amma mafi yawan matan nan ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu yadda ake shiga.

Masu sana'a ta waya kuma nasu nauyin daban ne, domin shagonsu ba shi da ƙofa. Saƙo yana shigowa ƙarfe goma sha ɗaya na dare, "nawa ne wannan", idan ba ta amsa ba an tafi wurin wata. Tana ba yaro abinci tana rigima da ɗan aike, tana bibiyar kayan da aka sa a mota zuwa Gusau ko Yola, tana jiran shigar kuɗin da mai saye ya rantse ya turo. A koya musu abubuwa masu sauƙi: a sa lokacin buɗewa da rufewa a rubuta a fili, a yi amfani da saƙon da ke amsa kansa a WhatsApp Business, a buɗe asusun kasuwa daban da na gida, kuma kada a saki kaya don hoton rasit ko saƙon alat, sai an buɗe asusu an ga kuɗin da ido. Mai kunun aya da zoɓo ita wuta ce matsalarta. Kunun aya ba ya yini a zafi, idan aka ɗauke wuta kuma ƙanƙara ta yi tsada, robobi hamsin na iya lalacewa kafin la'asar. Firiza mai aiki da hasken rana guda ɗaya da mata biyar za su yi tarayya a kanta ta fi musu keken ɗinki biyar da ba su nema ba.

Duk wannan yana da inda yake fita a jiki. Kalmomin da matan ke faɗa ba su da yawa: kaina ya yi zafi, ba na barci, gabana yana faɗuwa, komai ya ishe ni. Amsar da suke samu ita ce a yi haƙuri, kowa ma haka yake. Haƙuri ibada ne, ba mu musa ba, amma hawan jini ba ya sauka da shi kaɗai. Macen da ta yi mako biyu ko fiye ba ta jin daɗin komai, ba ta barci, tana kuka ba dalili, tana dukan yara a kan abin da bai kai ya kawo ba, ko ta fara cewa gara ta huta da duniyar, wannan tana buƙatar ganin ma'aikacin lafiya, musamman idan mai jego ce. An sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa a farkon 2023, amma amfaninta ga waɗannan mata sai ya iso asibitin sha-ka-tafi na unguwa, inda suke zuwa awo da rigakafi.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ku daidaita biyan rance da irin sana'ar. Mai kaji a ba ta mako takwas kafin zubin farko, mai kiwo da mai ajiyar amfanin gona su biya idan sun sayar, tela ta biya wata-wata da ƙari a lokacin salla. Ku rubuta a cikin yarjejeniya cewa haihuwa tana dakatar da biya aƙalla kwana arba'in, kwanciya a asibiti da takaba su ma haka, ba tare da tara ba. Ku hana jami'anku zuwa karɓar bashi ta hanyar tozarta mace a gaban iyalinta. Ku buɗe ƙofar rance marar ruwa, kuma inda zai yiwu ku ba da kaya maimakon tsabar kuɗi, bayan an tambayi mace abin da sana'arta ke buƙata.

Horo ku kawo shi cikin unguwa, a makarantar Islamiyya ko gidan mai unguwa, da Hausa, awa biyu tsakanin azahar da la'asar ko bayan an tashi daga cinikin safe, sau ɗaya a mako har wata biyu, mace ta koyar, a zo da yara, a ɗauki mata biyu su riƙe su a biya su. A kwanakin azumi da makonni biyu kafin kowace salla kada a sa komai. A cikin zaman nan a ware guda ɗaya na maza, limami da mai unguwa su jagoranta.

Ranar da za ku raba jari, ku zo da teburin rajistar inshorar lafiya da ma'aikaciyar da za ta auna jini, ku zo da masu yin lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da lambar banki ta BVN da rajistar sunan kasuwanci, a gama komai a zama ɗaya, maimakon mace ta yi sawu huɗu zuwa ofisoshi da goyo a baya. A manyan kasuwanni da cibiyoyin koyon sana'a a ware ɗaki ɗaya mai tabarma da ruwa da mai kula, inda za a ajiye yara a shayar da su.

Sannan ku canza yadda kuke auna nasara. Adadin waɗanda suka karɓa ranar taro ba ya nuna komai. Ku dawo bayan wata shida, ku sake dawowa bayan shekara, ku turo mace ta shiga har cikin gida ta tambaya: sana'ar tana nan? Jarin ya ƙaru ko ya ragu, kuma me ya ci shi? 'Yarki tana zuwa makaranta a kan lokaci? Awa nawa kike barci? Mu a shirye muke mu raka ta gida-gida, mu buɗe mata littattafan adashinmu ta gani, a duk ranar da kuka sa.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalamu alaikum.

Daga wasu iyayen adashi da masu koyar da sana'ar hannu, Kano.